Yadda Ake Zaɓen Notin Taya Idan An Sauya Wa Mota Wili

Tun da na ba abokai labarin abin da ya same ni a hanyar Tambuwal, tambaya ɗaya ce ake ta maimaita mini, a majalisa da kuma ta waya: idan mutum ya sayi sabon wili, shin tsofaffin notunansa za su yi, ko sai ya sayi wasu? Idan kuwa sai ya saya, ta yaya zai gane wanda ya dace?

Abin da ya faru shi ne, ina da Corolla mai wilin ƙarfe da marfin roba. Na samu aloyi, wato wilin alminiyam, guda huɗu 'yan Beljiyam, na Toyota na asali, masu kyau ƙwarai. Mai faci ya sauya tayoyin, ya ɗaura wilin da tsofaffin notunan da ke kan motar, ya hau sifana da ƙafa ya danne. Bayan kwana huɗu muka kama hanyar ɗaurin aure da iyali. Mun wuce Boɗinga ba mu kai Shagari ba sitiyari ya fara rawa, can kuma sai wani ƙwas-ƙwas daga gaba ta hagu. Na gangara gefen titi. Da na kai hannu kan notunan, biyu daga cikin biyar da yatsa na juya su. Kewayen kowane rami akwai wani gari mai launin toka, kamar an kankare tukunyar alminiyam. Bakaniken da ya duba daga baya, dattijo ne, ya juya notin a tafin hannunsa ya ce da ni, "Malam, wanga noti na wilin ƙarfe na. Ka canza wili ba ka canza mai noti ba. Allah dai ya tsare ku."

Abin da na koya daga nan shi ne noti yana da iyayengiji biyu. Zarensa na mota ne, mazauninsa na wili ne. Mota ce ke faɗin irin zaren da za ka saya, wili kuma shi ke faɗin siffar gindin notin. Duk matakan da ke ƙasa kan wannan suke tafiya.

1. Tara kayan aiki, ka kwance noti ɗaya

Kafin ka nufi Sahara ko J. Allen a nan Sakkwato, ko duk inda kake sayen kayan gyara, ka tanadi waɗannan: sifanar taya ta motarka, jak, weji ko dutse mai kyau, buroshin waya, alli ko maka, da littafin motar in yana nan. Idan bakanikenka yana da ma'aunin nan mai baki biyu da suke auna kaurin ƙarfe da shi, aro shi. Kwance noti ɗaya tal daga taya ɗaya, ka sa a aljihu. Shi ne shaidarka a gaban mai shago. Wili ɗaya daga cikin sababbin shi ma ka jefa a but, domin da shi za ka gwada.

Hattara: kada ka yi doguwar tafiya da taya mai noti huɗu maimakon biyar. In kasuwar da nisa, je ka da motar cikakkiya, ka kwance notin a bakin shago.

2. Tabbatar wilin kansa ya dace da motar

Babu notin da zai gyara wilin da ba na motarka ba, saboda haka a fara da nan. Abu biyu za ka duba.

Na farko yawan ramuka da faɗin da'irar da suka zauna a kai. Ana rubuta shi kamar haka: 5x114.3, wato rami biyar a kan da'ira mai faɗin milimita 114.3. Camry, Sienna, Highlander da Accord daga 2003 duk 5x114.3 ne. Yawancin Corolla 'yan Amurka daga 2003 zuwa sama da kuma Golf 4 suna 5x100. Marsandi da Sharan 5x112. Peugeot 406 tana 4x108. Hilux mai rami shida da Prado 6x139.7. Inda mutane suka fi faɗawa shi ne tsakanin 5x112 da 5x114.3, don bambancin bai kai milimita uku ba, ido ba ya ganinsa. Wilin zai shiga da ɗan dole, amma kowane noti zai zauna a karkace yana lanƙwasa ƙusar da yake hawa, wadda kanikawa ke kira sitod.

Na biyu ramin tsakiya, wanda ke zama a kan hob, wato ƙarfen motar da ake ɗaura wili a jikinsa. Na Camry milimita 60.1 ne, na Corolla 54.1, na Honda 64.1, na Nissan 66.1, na Volkswagen 57.1. Wilin da raminsa ya fi hob ɗinka ƙanƙanta ba zai zauna ba sam, shi ya sa aloyin Camry ba ya hawa Accord duk da ramukansu ɗaya. Wanda raminsa ya fi girma zai hau, sai dai yana son zoben cike giɓi, na roba mai tauri ko na alminiyam, don wilin ya tsaya a tsakiya daidai. Wilin kasuwa, wato wanda ba kamfanin motar ya ƙera ba, yawanci da faffaɗan rami yake zuwa, sau da yawa 73.1, don ya hau motoci iri-iri.

3. Zare: wannan mota za ka tambaya

Ana rubuta girman zare da lamba biyu, misali M12x1.5. Lamba ta farko kaurin sitod ne a milimita, ta biyu tazarar da ke tsakanin layin zare da mai bi masa. Ga yadda motocin da suka fi yawa a titunan Sakkwato suke:

M12x1.5: yawancin Toyota da Lexus, har da Hilux da Hiace, yawancin Honda, Hyundai, Kia, Mazda da Mitsubishi.

M12x1.25: Nissan, Infiniti, Subaru da Suzuki, da kuma boltin Peugeot.

M14x1.5: Land Cruiser samfurin 100 da 200, Honda Pilot daga 2009, da boltin Golf 4, Sharan da sababbin Marsandi.

Wasu tsofaffin motocin Amurka irin Jeep da Ford da awon inci suke, rabin inci, wanda ya kama milimita 12.7. Yana kama da M12 amma ba shi ba ne.

Wannan jerin jagora ne kawai, hukunci na wurin gwaji. Goge sitod ɗin da buroshin waya, ka ɗora sabon notin ka murza da yatsu, ba da sifana ba. Notin da ya dace zai tafi sumul har ƙasa. Wanda bai dace ba zai yi juyi ɗaya ko biyu ya cije.

Hattara: notin Nissan da na Toyota kaurinsu ɗaya, kansu ma lamba 21 ne dukansu, a tafin hannu ba ka rarrabe su. Idan an zuba su a gwangwani ɗaya a shago, sai gwaji. In notin ya cije bayan juyi biyu, kada ka bari yaron shago ya ce "sabo ne shi ya sa" ya kawo sifana. Da zarar an matsa shi da ƙarfi, zaren sitod ya lashe ke nan, kuma notin zai yi kamar ya ɗauru alhali ba abin da yake riƙe da shi.

Misalin da ya fi fito da ƙa'idar fili: ka sayi aloyin Nissan za ka sa wa Camry, mai sayarwa ya haɗa maka da notunan da suka zo da wilin. Siffarsu ta dace da wilin, amma zarensu bai dace da motarka ba. Abin da kake nema shi ne noti mai siffar na Nissan, mai zaren Toyota.

4. Mazauni: wannan wili za ka tambaya

Nan ne aikin yake, nan ne kuma na yi kuskure. Kwantar da sabon wilin a ƙasa fuskarsa sama, ka share ramin noti ɗaya da tsumma, ka haska shi da fitilar waya, ka zura yatsa ka shafa bakinsa. Ɗaya daga cikin siffofi uku za ka tarar.

Siffa ta farko, mazurari. Bakin ramin ya gangara a miƙe zuwa ciki kamar mazurarin zuba mai. Kusurwar gangaren digiri 60 ce a kusan dukkan ƙananan motoci. Notinsa mai gindi ne mai tsini, gefensa a miƙe. Wannan ita ce siffar kusan duk wilin kasuwa, da wilin ƙarfe na Toyota, da aloyin kamfani na Hyundai, Kia da Mazda.

Siffa ta biyu, ƙwarya. Bakin ramin a lanƙwashe yake kamar cikin ƙaramin ƙoƙo, notin kuma gindinsa a kumbure kamar rabin ƙwallo. Wannan na Honda ne, a aloyinsu da wilin ƙarfensu, haka kuma Volkswagen, Audi da Marsandi. Ko a tsakanin waɗannan ma zurfin lanƙwasar ba ɗaya ba ne, don haka na Marsandi ba lallai ya zauna a wilin Volkswagen ba.

Siffa ta uku, shimfiɗe. Bakin ramin a baje yake, ramin kuma faffaɗa ne, ya sauka a miƙe ba gangare. Notinsa yana da wuya mai shiga cikin ramin, da washa mai juyawa wadda ke kwanciya a kan fuskar wilin. Wannan shi ne na aloyin kamfani na Toyota da Lexus, da Mitsubishi da yawa. Wuyan ne ke tsayar da wilin daidai, washar kuma ita ke danne shi.

To me ke faruwa in an haɗa waɗanda ba su dace ba? Noti yana riƙe wili ne da faɗin wurin da suka haɗu. Mai tsini a cikin mazurari yana kwanciya jiki da jiki ko'ina. Amma ka sa mai tsini a ramin ƙwarya, ko mai kumburi a ramin mazurari, sai su haɗu a siririn layi ɗaya kamar zare. Duk nauyin ɗaurin ya taru a wannan layin. Alminiyam kuwa ya fi ƙarfen noti laushi nesa ba kusa ba. Kowane rami da ka faɗa, kowane birki, kowace kwana, notin na ƙara cin alminiyam ɗin kaɗan-kaɗan. Da ya ci, ɗaurin ya saki. Da ya saki, wilin ya fara motsi a kan sitod, ramin ya fara zama kamar ƙwai. Garin tokar da na gani a hanyar Tambuwal naman wilina ne notin ya niƙe. Nawa ma ya fi muni, domin mai tsini aka sa a ramin shimfiɗe, gefen bakin ramin kawai yake cizo.

Ga gwajin da ba ya ƙarya. Shafa alli ko maka a gindin notin duka. Ɗora wilin a motar, ko ka tura notin cikin ramin da hannu ka murza shi dama da hagu kana dannawa. Ciro ka duba. In allin ya goge a faffaɗan zobe kewaye da gindin, sun dace. In siririn layi kawai ya goge, a sama ko a ƙasa, ba nasa ba ne. Ga noti mai washa kuma, zura wuyan cikin ramin: ya shiga ba dole, kada kuma ya yi lilo a ciki, washar ta kwanta daram a kan wilin.

Abu ɗaya game da mai wuya: wuyan kada ya fi kaurin wilin tsawo. In ya leƙo ta baya zai taɓa hob kafin washa ta danne wilin, sifana ta nuna maka ya ɗauru, wili kuwa na kwance.

Hattara: mai Honda da ya sayi wilin kasuwa, notunan Honda ba za su yi ba, sai mai tsini M12x1.5. Mai Toyota da ya sayi wilin kasuwa, notunansa masu washa ba za su yi ba. Za ka ga bakin notin yana da ɗan tsini har ya kama, amma duba da kyau, washar na rawa a sama ba ta taɓa komai. Mai Toyota da ya sayi aloyin Honda, sai noti mai kumburi irin na Honda, da zoben cike giɓi daga 64.1 zuwa girman hob ɗinsa. Wanda kuma ya tashi daga wilin ƙarfe zuwa aloyin Toyota na asali, irina, sai mai wuya da washa.

In mai sayar da wilin ya ce maka "duk noti noti ne", ka yi gwajin allin a gabansa. Ba rigima ba ce, shi ma zai ƙaru.

5. Tsawo: ƙirga juyi

Aloyi ya fi wilin ƙarfe kauri a wurin ramuka, don haka sitod ɗin da zai leƙo waje ya ragu. Ƙa'idar da ake bi ita ce notin ya kama zare aƙalla gwargwadon kaurin sitod ɗin. Sitod mai milimita 12, a kama milimita 12. Ba sai ka auna ba, ƙirga juyi za ka yi. Ɗora wilin ya zauna daidai a kan hob, ka sa notin, ka ƙirga cikakkun juyi daga inda ya fara kamawa har ya taɓa wilin. A M12x1.5 kowane juyi milimita 1.5 ne, ke nan juyi 8. A M12x1.25 kusan juyi 10. A M14x1.5 juyi 9 da ɗoriya.

In ka samu biyar ko shida kawai, kada ka hau titi. Mafita biyu ce: ko a sa dogayen sitod, ko a nemo noti mai tsini wanda ke da ɗan wuya a ƙasan tsinin, mai shiga ramin ya ƙara kama zare, in ramin wilin na da faɗin karɓarsa.

Akwai kuma akasin haka. Noti mai rufaffen kai yana da iyakar zurfi. In sitod ɗin ya yi tsawo, zai tokare rufin notin daga ciki kafin gindin ya danne wili. Gwada shi ba tare da wili ba: murza notin a kan sitod tsirara ka ƙirga juyin da zai yi kafin ya tsaya. Dole wannan adadin ya fi wanda ka samu da wili a kai, da juyi biyu ko fiye. Ni dai a garin nan na fi son rufaffe, domin ƙurar hunturu da taɓon damina ba sa samun shiga zaren. Buɗaɗɗe na da amfani in sitod dogo ne ko in marfi zai rufe notunan.

6. Kan noti da irin ƙarfensa

Wilin kasuwa masu ado da yawa ramukansu matsattsu ne kuma masu zurfi. Notin zai iya shiga amma sifanarka ta kasa bin sa. Gwada sifanar da ke but ɗinka a cikin ramin tun a shago. Toyota da Nissan lamba 21 suke, Honda 19, Volkswagen 17. In ka sayi noti mai kai 19 alhali sifanar motarka 21 ce, sayi sifanar da ta dace a ranar, kada faci ya same ka tsakanin Tureta da Talata Mafara ka tarar ba abin kwancewa.

Ga ramuka matsattsu akwai siraran notuna masu tsaga-tsaga a jiki, waɗanda ke zuwa da makullinsu na musamman. Suna aiki, amma ranar da makullin ya ɓace ka shiga uku, don ba kowane mai faci ke da irinsa ba. Haka notin hana sata, wanda ake sa ɗaya a kowace taya. In za ka saya, shi ma zarensa da mazauninsa su dace kamar sauran, makullin kuma ya zauna a cikin motar, ba a aljihun rigar da ka bari a gida ba.

Batun ƙarfe kuwa, ra'ayina a fili yake: sayi na ƙarfe. Notunan nan masu launi, ja da shuɗi da ruwan zinariya, da samari ke so, da yawansu alminiyam ne. Ɗauki ɗaya ka ji, ba shi da nauyi, maganaɗisu kuma ba ya kama shi. Zaren alminiyam ba ya jure yawan kwancewa da ɗaurewa, balle irin ɗaurin da ake yi a bakin titi. Ka kuma guji mai hular gwangwani, wato noti na ƙarfe da aka lulluɓe kansa da siririn kwano mai sheƙi. Tsatsa na shiga ƙarƙashin hular ta kumbura ta, sifana ta ƙi shiga, ko hular ta juya ta bar notin a tsaye.

7. In motarka mai bolti ce

Golf, Sharan, Peugeot, Marsandi da BMW ba su da sitod. Bolti ne ke ratsa wilin ya shiga hob. Ƙa'idar ba ta canza ba: zare na mota, mazauni na wili. Golf 3 mai rami huɗu M12x1.5 ce, mai kumburi. BMW mai tsini ce. Aloyin Peugeot na kamfani da yawa da bolti mai washa suke tafiya. Duk wanda cikinsu ya koma wilin kasuwa, galibi mai tsini zai nema.

Abin da ya ƙaru a nan shi ne tsawo ya zama mai kaifi biyu. Zura tsohon bolti a tsohon wili ka auna abin da ya leƙo ta baya, sannan ka nemi sabon da zai leƙo daidai haka a sabon wili. In ya gajarce bai kama zare ba. In ya zarce zai iya taɓa kayan birkin hannu da ke bayan hob. Bayan ɗaurawa, kafin ka sauke jak, juya tayar da hannu ka saurara. In ka ji karta ko tokari, tsaya nan.

8. Saye da lissafin kuɗi

Kayan nan daga Ƙofar Ruwa ta Kano ko Ladipo ta Legas suke zuwa, farashinsu kuma yana bin dala, don haka tambayi shago uku kafin ka biya. Abin da ya kamata ya shiga lissafinka tun kafin ka sayi wilin: notuna 16 ga mota mai rami huɗu, 20 ga mai biyar, 24 ga mai shida, ƙarin biyu na ajiya, zoben cike giɓi huɗu in ana buƙata, sifana ko soket siriri in kan notin ya canza, sai kuɗin mai faci da na balansin.

Sayi saiti ɗaya iri ɗaya. Kada ka yarda a tsinto maka goma sha biyar daga wannan gwangwani, biyar daga wancan. Ga aloyin kamfani, notin asali ɗan Beljiyam mai lafiyayyen zare ya fi mini sabo mai sheƙi wanda ba a san inda aka ƙera shi ba. Duba kowanne ɗaya-ɗaya: zaren ciki ba lasa, kusurwoyin kai ba su mulmule ba, gindin ba tsagi, washa na juyawa amma ba ta fita. Lokacin cinikin wilin ma shi ne lokacin tambayar notunansa, domin a nan kake da bakin magana. Ka kuma yi sharaɗi da mai shago cewa in ba su dace ba za ka dawo da su.

Saitin notuna duka bai kai kuɗin sabuwar taya ɗaya mai kyau ba. Ni rowar da ban ma san na yi ba ta ci mini wili ɗaya da ramukansa suka buɗe, da sitod uku, da kuɗin aiki. A wasu motocin ma sauya sitod na gaba sai an ciro hob, abin da kan jawo sayen sabon boris.

9. Ɗaurawa

Ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri mai tauri, ba kan rairayi ba. Ja birkin hannu, sa weji. Sassauta notunan kaɗan tayar na ƙasa, sannan ka ɗaga jak. Bayan an cire tsohon wili, goge fuskar hob da bayan sabon wilin da buroshin waya har tsatsa da yashi su fita. Ɗan yashin da ya maƙale a tsakani zai niƙe daga baya ya bar ɗaurin a sake. Sa zobe in akwai, ɗora wili.

Fara kowane noti da yatsu, dukansu, har su taɓa wilin. Sannan ka ɗaure su a tsallake: a mai biyar kamar kana zana tauraro, a mai huɗu ko shida kowanne da kishiyarsa. Yi zagaye na farko da sauƙi, sauke motar tayar ta taɓa ƙasa, sannan ka yi ɗaurin ƙarshe.

Hattara: kada a shafa wa zare ko gindin noti giris ko baƙin mai. Awon ɗaurin da kamfani ya bayar na busasshen zare ne. Da mai a kai, ƙarfi ɗaya zai ja sitod ɗin fiye da kima.

Ɗaurin ƙarshe da sifanar awo ake yi, wadda ake saita wa lamba ta yi ƙas in an kai. Corolla da Camry 103 Nm ne, Nm kuwa ma'aunin ƙarfin ɗauri ne. Accord da Civic 108. Golf 120. Na motarka na cikin littafinta, a sashen sauya taya. Don ka gane girman abin: 103 Nm kamar a rataya kilo goma da rabi ne a ƙarshen sanda mai tsawon mita ɗaya. Yanzu ka tuna yadda aka saba yi, a zura bututu mai mita ɗaya a sifana, ƙato mai kilo 70 ya hau ya tsaya. Wannan ya kusa 690 Nm, ya ninka abin da ake so fiye da sau shida. Sitod na miƙewa, zare na lashewa, mazaunin wili na lotsawa, wata rana kuma kan sitod ɗin ya ɓalle a hannun mai kwancewa ko a kan hanya. Masu injin iska su ma haka, in ba a sa ido ba. Faɗa wa mai facin tun kafin ya fara, cikin mutunci: "Don Allah fara min da hannu, kada a hau da ƙafa." In ba sifanar awo a wurin, a yi amfani da sifanar motar ita kaɗai ba bututu, da ƙarfin hannu biyu, sannan ka nemi garejin da ke da ta awo a tabbatar. Masu mota biyu ko uku a gida ɗaya su haɗa kuɗi su sayi ɗaya, tana daɗewa.

10. Sake dubawa, da batun safaya

Sabon wili da sabon noti sai sun ɗan zauna da juna. Bayan kilomita 50 zuwa 100, kamar tafiya ɗaya daga nan zuwa Illela, bi dukkan notunan da sifana a tsallake kamar farko. Bari wilin ya huce tukuna, musamman a watannin Afrilu da Mayu da zafin garin nan ke wuce digiri 40 ga kuma zafin birki. In ka tarar ɗaya ya ɗan motsa, ba komai, ƙara dubawa bayan wasu kwanaki. In kullum sai ka tarar sun saki, ko ka ga garin toka ko layin tsatsa yana fitowa daga ƙarƙashin noti, koma mataki na 4, akwai abin da bai dace ba. Rawar sitiyari da ƙwas-ƙwas mai bin gudun mota kuwa, tsayawa ake yi nan take a duba, ba a cewa bari a kai gari.

Saura safaya, wadda kusan kowa ke mantawa. Wilin safayarka bai canza ba, mazauninsa na da ne. Mai Honda da ya koma noti mai tsini, safayarsa har yanzu mai kumburi take so. Mai Marsandi, safayar ƙarfe na da gajerun boltinta daban, dogayen boltin aloyi za su zarce. Toyota sun yi wa notinsu mai washa ɗan tsini a baki don ya iya riƙe safayar ƙarfe zuwa wurin mai faci. Don haka kada ka bar wa yaron shago tsofaffin notunanka duka. Ware adadin taya ɗaya, biyar ko huɗu ko shida, ka ɗaure su a leda tare da makullin notin hana sata, ka cusa a cikin kwarmin safayar kusa da jak, ka kuma nuna wa duk wanda ke tuƙa motar inda suke.